Shimfiɗa Tayil Bisa Daɓen Katako

Dalilin rubutun nan wani al'amari ne da ya auku a unguwarmu, Tudun Wadar Zariya. Wani attajiri, mahaifin ɗaya daga cikin almajiraina, ya gaji tsohon bene wanda ɗakinsa na sama daɓen katako ne bisa azara. Ya so ya ƙawata shi domin baƙi, ya sa aka shimfiɗa masa tayil cikin watan Agusta, ruwa na tsakiyar zuba. Aiki ya yi kyau ƙwarai, har ni ma na je na sa albarka. Kafin ƙarshen Janairu sai ga tsaga tun daga bakin ƙofa har gindin taga, wasu tayil ɗin kuwa in an taka su sai su yi amo kamar an buga ƙwarya.

Ya zo mini yana cewa, "Malam, an yi mini algus, tayil ɗin jabu ne." Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri tukuna, kada a ɗauki alhakin mai shago." Muka nemi wani dattijon kafinta, ya ɗaga guda biyu ya duba, ya ce tayil lafiyarsa lau, abin da ke ƙarƙashinsa ne ya motsa.

Bayanin haka shi ne, itace ko an sare shi shekara hamsin bai daina shan laima ba. Da damina yakan kumbura ta faɗinsa, in hunturu ya busa kuma ya tsuke, shi ya sa ƙofar da ta ƙi rufuwa da marka takan yi sako-sako da sanyi. Tayil kuwa yumɓu ne gasasshe, ɗan'uwan tangaran, ba ya lanƙwasa, sai dai ya fashe. To, an manna shi bisa falankin da ya ƙoshi da ruwa, falanki ya bushe ya ja jikinsa, ina tayil zai bi shi?

Magabatanmu sun san wannan sarai. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na cikin birnin Zazzau a zamanin Sarki Abdulkarimu (1834 zuwa 1846), da ƙasa da azarar giginya ya yi bakan-gizonsa. Magina irinsa kan shafe rufi da laso, watau katsi da gashin jima da dafara, mata kuma su yi daɓe da makuba. Duk waɗannan in sun tsage akan sake shafe su da arha, ba kamar tayil ba, wanda in ya fashe sai a koma kasuwa.

Wanda ya nace sai ya yi, to farkon abin dubawa shi ne azara da falanki. A caka musu ƙusa ko wuƙa a ji, gama gara takan cinye ciki ta bar bawo. Kana a sa ƙato ya yi tafiya a tsakiyar ɗaki, a ajiye kwanon ruwa a gefe. In ruwan ya yi ta kaɗawa da ƙarfi, daɓen nan ba ya ɗaukar tayil sai an ƙara masa ginshiƙi. Ƙa'idar masana gini ita ce kada lotsawa ta wuce kashi 1 cikin 360 na tsawon azara, watau santimita 1 ga mita 3.6.

Sa'an nan sai batun nauyi, wanda nan ne 'yan kasuwa za su fi gane lissafi. Tayil da gam ɗinsa sukan kai kimanin kilo 20 a kowace murabba'in mita. Ɗaki mai mita 4 tsawo da 4 faɗi ya ɗauki kilo 320 ke nan, fiye da buhun siminti 6. In kuwa aka bi al'adar masu sa tayil na wajenmu, aka fara zuba yashi da siminti mai kauri, nauyin ya ninka fiye da sau biyu, alhali mutane na kwana a ɗakin ƙasa. Wannan ya fi tsaga ban tsoro.

In azara ta amsa, ba a manna tayil kai tsaye bisa falanki. Akan ɗaure duk falankin da ke motsi da ƙusoshi masu murɗawa, a ɗora faifan katako mai ninki-ninki wanda kafintoci ke kira filawud, a bisansa a sa allon siminti, sa'an nan tayil da gam mai ɗan sassauci. A bar 'yar tazara kamar milimita 6 a gindin bango kewaye da ɗaki. A kuma tuna daɓe zai ƙara tudu, sai an rage gindin ƙyaure.

Shi dai Alhaji da aka yi masa lissafin wannan duka sai ya ga ya fi kuɗin tayil ɗin kansa. Aka kwashe waɗanda ba su fashe ba aka shimfiɗa a zauren ƙasa, inda daɓen siminti ne tsayayye. Falankin sama kuwa aka goge shi aka shafa masa mai, aka baza darduma. Ni ma a ra'ayina gara haka, domin wanda ya taɓa zaman karatun asuba bisa tayil cikin Disamba ya san buzu ɗaya ba ya isa.