Ko Ka San Gara Ta Riga Injiniyoyi Binciken Cikin Ƙasa?

Ma'abota ilmin gine-gine sun yi ittifaƙi a kan cewa duk wanda ya yi nufin huda dutse ko ratsa ƙarƙashin teku domin jirgin ƙasa ya bi, wajibi ne gare shi, tun bai ɗaga diga ba, ya tsara wuraren da zai huda ramuka sirara masu zurfi irin na rijiyar burtsatse, ya zaro ƙasar ciki hawa-hawa, ya jera ta cikin akwatuna, sa'an nan ya bi ta da nazari kamar yadda malami ke bin shafukan littafi. Da haka aka gane wani shimfiɗaɗɗen dutse mai taushi wanda ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi, aka bi cikinsa har aka buɗe hanyar da ta haɗa Ingila da Faransa a 1994. Ƙarancin wannan bincike kuwa shi ya jawo musibar ramin jirgin ƙasa na Lotshbag a Suwizalan cikin Yuli 1908, sa'ad da masu haƙa, suna zaton dutse ne gabansu, suka ɓulla cikin tsakuwa da ruwa, mutum 25 suka halaka.

Amma abin da ya cika ni da al'ajabi shi ne, wannan aiki da ake narkar da dukiya a kansa, akwai wata ƴar halitta makauniya da ke yin irinsa dare da rana ba lada, wato gara. Ita dai ba ta jure bushewa, saboda haka takan nutsa neman danshi, duk kuwa abin da ta tarar a can ƙasa sai ta ɗauko shi da baki, ƙwaya-ƙwaya, ta liƙa a jikin suri. Ashe surin nan da muke wucewa ba mu ko waiwaya, samfuri ne na ƙasar da idonmu bai taɓa gani ba.

Ina yaro, a hanyar Madarunfa zuwa Gabi, na ga wani tsohon mahaƙin rijiya ya tsaya gindin wani suri ja wur, alhali rairayin da ke kewaye da shi fari ne. Ya ɓantari kaɗan, ya ɗiga masa ruwa daga gora, ya murza tsakanin yatsu har ya yi danƙo, sa'an nan ya gaya wa mahaifina irin yumɓun da za a taras kafin a kai ga ruwa. A lokacin na ɗauka duba ne. Sai da na girma na gane karatu ne na haƙiƙa.

Dubi abin da ya faru a Botsuwana. A farkon shekarun 1970, masu neman ma'adinai na kamfanin De Beers suka riƙa tsintar ƙwayoyin wani baƙin ma'adini, ilmenait, wanda ke rakiyar dutsen da lu'ulu'u ke ciki, a bisa rairayin hamadar Kalahari, alhali dutsen yana binne ƙarƙashin kimanin mita 40 na yashi, zurfin da ya wuce na yawancin rijiyoyin da ke kewayen tabkinmu na Madarunfa. Gara ce ta hauro da su! Da aka bi sawu aka huda, sai ga Jwaneng, wadda aka buɗe a 1982, wadda kuma ake lissafa ta a matsayin mahaƙar lu'ulu'u mafi daraja a duniya. Subhanallahi, halittar da malaman tafsiri suka ce ita ta ci sandar Annabi Sulaimanu, Alaihis Salam, har asirin aljannu ya tonu, ita ce nan kuma ta tona wa hamada nata.

Ya kai mai karatu, in ka bi ta gefen tabkin Madarunfa ka ga suri, ka tsaya ka ɓantari kaɗan, ka gwada launinsa da na ƙasar da kake takawa.