Hatimi Mai Gida Tara Da Lissafin Jami'a

Duk wanda ya tashi a 'Yankuzo, Tsafe ko Bunguɗu zai yi wuya a ce bai taɓa ganin hatimi ba, ko a allo ko a takardar wani malami: zane mai kusurwa huɗu da aka yanka gida-gida, kowane gida da lambarsa. Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne, a cikin zanen nan akwai tambayar lissafi irin wadda ke sa ɗaliban jami'a gumi.

Mu ɗauki ƙaramin, mai gida tara. Za mu zuba 1 zuwa 9, kowace lamba sau ɗaya, ta yadda kowane layi, na kwance da na tsaye da na karkace biyun, zai ba da jimla ɗaya. Mai canki-in-canka zai kwana a wurin, domin hanyoyin jera lambobi tara a gida tara 362,880 ne, wato 9×8×7 har zuwa 1. Takwas kacal ke yin daidai, su ma hatimi ɗaya ne da aka jujjuya ko aka duba a madubi.

To, mu ajiye canke, mu yi tunani. Idan muka tara 1 zuwa 9 muna samun 45. Layukan kwance uku ne, don haka kowanne 15 zai ɗauka. Saura wa zai zauna a tsakiya? Layuka huɗu ne ke ratsa gidan tsakiya, jimlarsu 4×15, wato 60. Layukan nan sun taɓa kowane gida sau ɗaya, ban da na tsakiya da suka taɓa sau huɗu. Ke nan 60 daidai take da 45 da kuma lambar tsakiya sau uku. Mun cire 45, saura 15. Mun raba uku, 5. Ba mu gwada ko sau ɗaya ba, amma mun tabbatar babu mai zama a tsakiya sai 5. Wannan ita ce aljabara. A jarrabawar WAEC amsa ake nema tare da aiki. A jami'a, ko Gusau ce ko Zariya, hujjar ita ce amsar, kuma a nan masu hadda ke tuntuɓe.

Ga hatimin: 2, 7, 6 a sama, 9, 5, 1 a tsakiya, 4, 3, 8 a ƙasa.

Kada wani ya ce mana ilimin baƙi ne. Malam Muhammadu ibn Muhammad al-Kashinawi, Bafulatanin Katsina, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan yadda ake gina hatimai masu layi uku, biyar, bakwai da sauran mara. Ya rasu a Alƙahira a 1741, kuma masu tarihin lissafi na ambatonsa har yau.

Da hatimi ya girma, ƙirga sai ta tsere wa hannu. Mai layi huɗu iri 880 ne, kamar yadda aka buga a Faransa a 1693. Mai layi biyar kuwa sai a 1973 kwamfuta ta ƙirga shi: 275,305,224. Sanin yawan tsare-tsare irin wannan fanni ne guda da ake karanta a jami'a.

Ga aikin wannan makon: ku nuna dalilin da 1 ba za ta taɓa zama a kusurwa ba. Ku fara da neman lambobi biyu-biyu da za su haɗu da ita su ba da 15, sannan ku ƙirga layukan da ke ratsa kusurwa.