Shin koɗewar fentin jirgin sama alama ce ta haɗari? Abin da ya kamata maniyyata su sani

Ga maniyyata da dama daga ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi, ranar tashi zuwa Saudiyya daga Filin Jirgin Saman Malam Aminu Kano ita ce ranar farko da za su shiga jirgi. Ba su ne ke zaɓar jirgin ba, domin Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ce ke raba wa jihohi kamfanonin jigila.

Shi ya sa mutum kan auna jirgin da ido, kamar yadda ya saba auna mota a tashar Gaya ko ta Wudil. Idan ya ga fenti ya koɗe ko kujera ta yage, sai gabansa ya faɗi. Idan ya ga jirgi na sheƙi, sai hankali ya kwanta. Sai dai tarihin haɗurran jirage ya nuna cewa wannan ma'auni yana yaudara.

Tayoyi biyu, rayuka 261

A ranar 11 ga Yulin 1991, wani jirgi ƙirar DC-8 da kamfanin Nigeria Airways ya yi haya daga kamfanin Nationair na ƙasar Kanada ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato ɗauke da alhazai. Mintuna kaɗan bayan tashinsa ya kama da wuta, ya faɗi yana ƙoƙarin komawa ya sauka. Duk mutum 261 da ke ciki suka rasu.

Bincike ya gano cewa tayoyi biyu ba su da isasshiyar iska, kuma an san da haka kafin tashi, amma aka saki jirgin don gudun ɓata lokaci. Taya ta fashe a kan titin tashi, wuta ta kama, aka naɗe tayoyin zuwa cikin jirgin da wutar a jikinsu. Babu fasinjan da zai iya gane wannan daga kujerarsa.

Sabunta ma ba ta ba da tabbaci. Jirgin Ethiopian Airlines ƙirar Boeing 737 MAX da ya faɗi ranar 10 ga Maris ɗin 2019, ya hallaka mutum 157, wata huɗu kacal ya yi yana aiki. Matsalar tana cikin manhajar sarrafa shi ne.

Me ya sa lafiyayyen jirgi kan yi muni?

Dokokin sufurin sama sun bambanta gyaran da ya zama dole da wanda za a iya jinkirtawa. Inji da birki da taya da na'urorin tuƙi suna da ƙa'idar dubawa bisa awannin tafiya da yawan tashi da sauka. Akwai ƙaramin bincike bayan 'yan ɗaruruwan awanni, akwai babba duk bayan kimanin shekara biyu, sannan akwai wanda ake kwance jirgin kusan gaba ɗaya bayan shekaru da dama.

Shi kuwa fenti, sai an ajiye jirgi kwanaki ba ya aiki kafin a sake shi, don haka kamfanoni kan jira lokacin babban gyara. Teburin cin abinci da ya karye ko talabijin ɗin kujera da ya mutu ba sa hana tashi. Hatta abin nan mai kama da salatif da akan gani a jikin fiffike, na alminiyam ne na musamman, kuma an amince a yi ƙaramin gyara na wucin gadi da shi.

Inda ido yake da amfani

Duk da haka, ba kowane tabo ne ake rainawa ba. Fenti yana kare jikin jirgi daga tsatsa. A shekarar 2021 hukumomin Qatar sun dakatar da wasu jiragen Airbus A350 saboda ɓarewar fenti, yayin da hukumar kula da sufurin sama ta Turai ta ce hakan bai shafi lafiyar jiragen ba. Sai a Fabrairun 2023 Qatar Airways da Airbus suka sasanta.

A shekarar 1988 kuma, wani ɓangare na rufin jirgin Aloha Airlines ya ɓalle a sararin samaniyar Hawaii ta Amurka. Daga baya wata fasinja ta shaida wa masu bincike cewa ta ga tsagewa a jikin jirgin lokacin shiga, amma ta yi shiru.

Saboda haka, wanda ya ga tsagewa, ko mai yana zuba, ko ya ji ƙauri, ko bel ɗin kujerarsa ya ƙi ɗauruwa, ya faɗa wa ma'aikatan jirgin nan take, ko ta bakin jami'in alhazan ƙaramar hukumarsa idan harshe ya zama matsala.

Ainihin ma'aunin yana cikin takardun gyara, waɗanda Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, ke da alhakin bincikawa. Tambayar da ta dace iyalan maniyyata su yi ita ce: yaushe aka yi wa jirgin babban bincike na ƙarshe, kuma wa ya sa hannu? Idan jirgi ya yi jinkiri saboda ana canza taya, gara a ƙara kwana a sansanin alhazai da a matsa wa ma'aikata su tashi.