Hawan jinin da ya ƙi jin magani: tambayar da ba mu yi wa likita

Kwanan nan wata magana ta yi yawa a majalisun shayi na Birnin Ƙonni, har ta kai Malbaza da Badagishiri: wai ƙwayoyin tansiyo na yanzu ba su da ƙarfi, wai jabu ake shigowa da su ta kan iyaka. Hujjar kowa iri ɗaya ce. Wane yana shan magani kala uku safe da yamma, amma duk zuwan da zai yi awo sai a ce masa sha bakwai bisa goma. Daga nan sai a watsar da ordonans, a koma wurin mai lasifika a kasuwa.

Jabun magani yana nan, babu mai musu. Amma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muka yarda cewa hawan jini dalili biyu kawai gare shi, tunani da tsufa. Mace mai shekara 28 ta je likita, awo ya nuna sha takwas, sai dangi su fara binciken kishiya da uwar miji. A ce mata ta rage tunani. Ba wanda zai tambayi lafiyar ƙodarta.

Gaskiya ne a wurin yawancin masu hawan jini ba a samun dalili guda da za a nuna da yatsa. Gado ne da gishiri da ƙiba da shekaru suka haɗu. Sai dai kusan mutum ɗaya cikin goma, wani ciwo ne dabam a ɓoye ke tura jinin sama. Wanda aka fi mantawa da shi yana fitowa daga wata ƴar tsoka da ke zaune a saman kowace ƙoda, wadda ke fitar da sinadarin aldosteron. Aikin sinadarin shi ne ya umarci ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa. Idan tsokar ta zarce iyaka, jiki sai ya yi ta tara gishiri, yana zubar da potasiyom ta fitsari. Likita Jerome Conn na Jami'ar Michigan a Amurka ya bayyana wannan ciwo tun 1955. Bincike ya nuna yana bayan kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na masu hawan jini, kuma a cikin waɗanda magani uku ya kasa saukar musu da shi, ya kan kai ɗaya cikin biyar.

Manomin fadamar Ƙonni zai fi kowa gane wannan. Idan ƙofar ruwan da ke fitowa daga madatsar Mozage ta kwana a buɗe, ruwa ya malale fangalinka, ko ka tara yaran gida duka suna kwarfa da ƙwarya har magariba, fangalin ba zai bushe ba. Ƙwaryar ba ta da laifi, yaran ma ba ragwaye ba ne. Sai an je an rufe ƙofar. Haka ƙwayoyin nan uku suke kwarfa, aldosteron kuwa yana ta sako ruwa. Kuma akwai mabuɗin ƙofar: spironolactone, tsohon magani mara tsada, wanda wani babban gwaji da aka yi a Birtaniya aka buga a 2015 ya nuna ya fi sauran amfani idan aka ƙara shi a matsayin na huɗu. Wani ma tsokar gefe ɗaya ce ke da ƙari, a yi masa aiki a cire, jinin ya sauka. Amma kada wani ya ji sunan ya ruga farmasi. Maganin yana iya tara potasiyom har ya taɓa bugun zuciya, dole sai da gwajin jini, kuma ba a ba mai ciki.

Kada mu ɗauka talaucinmu kaɗai ya jawo wannan mantuwa. A Amurka an duba takardun tsofaffin sojoji sama da 269,000 masu hawan jinin da ya ƙi magani, aka tarar kashi 1.6 cikin ɗari kacal aka yi wa gwajin ciwon aldosteron. In haka ne a can, ina ga majo na ƙaramin asibiti (CSI) da ke da mutum hamsin a kan benci da na'urar awo guda ɗaya? Shi ya sa dole mai ciwo ya buɗe baki.

A nan ne tarbiyyarmu ke ba mu wahala. Dattijo ya biya kuɗin mota daga ƙauyen Illela ya tafi asibitin Galmi, wanda ƴan mishan na SIM suka buɗe tun 1950, ko asibitin gundumar Ƙonni. Ya wuni a layi. Da ya shiga sai gaisuwa, ya miƙa hannu a ɗaura masa awo, a rubuta takarda, ya ce "to, madalla," ya fito. Matarsa ce ta san yana minshari har numfashinsa ya ɗauke ya farka a firgice, wanda shi kansa sanadin hawan jini ne, amma ita tana waje riƙe da buta. Bai faɗi cewa cinyoyinsa na mutuwa ba, ko ƙafafunsa na ɗaurewa cikin dare, ko yana tashi fitsari sau da yawa. Bai faɗi cewa tun yana yaro yana wanka a kanal ya yi fama da tsargiya ba, alhali tsargiyar da ta daɗe tana iya toshe hanyar fitsari ta lalata ƙoda.

Akwai kuma abin da muke ɓoyewa da gangan. Mai dakon buhunan albasa a Galmi ko na siminti a Malbaza da ke haɗiyar diclofenac kullum don ciwon baya, wannan ƙwaya tana ɗaga jini, tana kuma karya ƙarfin maganin tansiyo. Haka dexamethasone da ƴanmata ke sha don su yi ƙiba kafin biki, da wasu mayukan bilicin, da wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa. Kanwa ma dangin gishiri ce. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta kunun kanwa mai yawa da wankan jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Mutum zai rantse ya bar gishiri, alhali dunƙulen magi huɗu ne a tukunyarsa.

Ba rashin kunya ba ne ka zuba duk kwalayen da kake sha a leda, har da na kan tire da ƙullin gargajiya, ka ajiye a gaban likita. Ka riƙe ƙaramin littafi da ake rubuta maka awon kowane zuwa da kwanan wata. Sannan ka ce: "Likita, Allah ya ƙara basira. Kala uku nake sha ban taɓa fashi ba, ga littafina, bai sauka ba. Ko akwai abin da ke tayar da shi? Ko za a duba mini fitsari da ƙoda da potasiyom?" Wanda hawan jini ya kama kafin shekara 40, da wanda nasa ya tashi farat ɗaya, da wanda aka taɓa ce wa potasiyom ɗinsa ya yi ƙasa, su ma wannan tambaya tasu ce. Ko potasiyom ya fito daidai, hakan bai kore ciwon aldosteron ba, domin yawancin masu shi nasu daidai yake fitowa. Gwajin aldosteron da wani sinadari mai suna renin kuwa ba kowane ɗakin gwaji ke yin sa ba. Ka nemi takardar turawa zuwa Tawa ko Yamai, wasu ma Sakkwato ta fi musu kusa. Kuma kafin sakamako ya fito, kada ka ajiye ƙwayoyinka sai likita ya ce.

Hukumomin lafiya na jihar Tawa kuma da sauran aiki a gabansu. Ana yin gangamin awo kyauta ranar 17 ga Mayu, ranar hawan jini ta duniya, ana ɗaukar hoto, abu ne mai kyau. Amma tsinken gwajin fitsari da kayan auna potasiyom da kreatinin ba su kai kuɗin wankin ƙodar mutum ɗaya a Yamai ba, kuma ya kamata a same su kullum a asibitin kowace gunduma, daga Ƙonni har Illela.