Shin Ko Kun San An Taɓa Kiran Aku Ya Ba da Shaida a Kotu?

Shin ko kun san akwai wasan bidiyo da mai yinsa ba ya harbi, ba ya tseren mota, ba ya buga ƙwallo, amma an sayar da kwafinsa fiye da miliyan 10? Sunansa Ace Attorney. Mai wasa shi ne lauya. Zai bi maganar mai shaida jimla bayan jimla, ya laluba hujjojin da ke hannunsa, har ya cafko inda ƙarya ta maƙale. Iyakar makaminsa ke nan!

Kamfanin Capcom na birnin Osaka a Japan ne ya fitar da shi a 2001, a kan 'yar na'urar hannu Game Boy Advance. Mutum nawa kuke tsammani suka haɗa shi? Bakwai! Cikin wata 10 kacal. Hatta muryar lauyan da ke daka tsawa a kotu, ta marubucin wasan ce da kansa, Shu Takumi.

Ku ji wannan kuma. A duniyar wasan, doka ba ta yarda shari'a ta wuce kwana 3 ba. Duk wanda ya taɓa bin ƙarar gona ko ta gado ana ta ɗagewa daga damina zuwa damina, ya san girman wannan magana.

Kuma lauyan naku kullum a tsaka mai wuya yake. A Japan ta gaskiya ma, fiye da 99 cikin 100 na ƙararrakin laifi da suka kai gaban alƙali da samun wanda ake tuhuma da laifi suke ƙarewa. A wasan farko za ku kara da mai gabatar da ƙara Manfred von Karma, wanda ya shekara 40 ba a taɓa kayar da shi ba. 'Yarsa Franziska kuwa tana da shekara 13 ta fara wannan aiki, kuma da bulala take shiga kotu. Har alƙali yana shan ta!

To, batun aku fa? Gaskiya ne, amma a cikin wasan. Da hujjoji suka ƙare wa lauya Phoenix Wright, sai ya nemi a kawo tsuntsun gaban kotu, ya yi masa tambayoyi, kuma asiri ya tonu. A wasan 2013 abin ya fi haka: wanda ake tuhuma da kisan kai ƙatuwar dabbar teku ce, wadda ake kira orka!

Sai dai na'urorin farko sun tsufa, samunsu ya yi wuya. Nan Capcom ta yi abin da ya kamata: ta wanke hotunan tas, ta ɗaure wasannin dami-dami. Damin farko, wasa 3 ne da shari'a 14, ya hau kwamfuta da PlayStation 4 da Switch a 2019. A 2021 aka kawo The Great Ace Attorney Chronicles, mai labarin Landan ta zamanin Sarauniya Victoria, inda rikicin haƙƙin mallaka ya sa aka juya sunan Sherlock Holmes ya koma Herlock Sholmes. A Janairun 2024 damin lauya Apollo Justice ya biyo baya.

Wanda ya fi taɓa zuciya shi ne na Satumban 2024. Akwai wasa ɗaya a cikinsa da ya fito a Japan tun 2011, amma ba a fitar da shi da Turanci a hukumance ba sai bayan shekara 13. Da jira ya ishi masoyansa, su suka zauna suka fassara shi da kansu, kyauta!

Ko kun san tun 2022 damin farko yana kan wayar Android? Ɗalibi a Kaura Namoda, ko matashi a Shinkafi da Zurmi da Birnin Tsaba, zai iya saye ya sauke, ya yi ta karatun Turanci yana farautar ƙarya.

Kayan haɗin irin wannan wasa labari ne mai kama hankali, da zane, da ɗan kiɗa. Marubutan labari kuwa muna da su jingim. Matasanmu masu ilimin kwamfuta, ku neme su, ku haɗa mana namu da Hausa!