Shagon Baduku a Kamazou da Aikin Zanen Bel

Zanen bel da hannu reshe ne na dukanci. Ana yanko dogon tsiri daga ƙirgi mai kauri, a jiƙa shi, a tsaga masa zane da bakin wuƙa, sannan a bi zanen da ƙananan ƙarafa ana bugawa da guduma har adon ya taso, gefensa ya lotsa. Ba zare ne ke fitar da adon ba, ba kuma fenti ba, jikin ƙirgin ne da kansa ake dannewa. Akwai masu cin abinci da wannan aiki, akwai kuma masu yinsa don sha'awa bayan sun taso daga ofis ko makaranta. A unguwa irin Kamazou, wanda sha'awar ta kama yakan fara ne daga shagon mai ɗinka takalma, domin nan ne wuri mafi kusa da zai ga fata, ya taɓa ta, ya kuma sami wanda ya san halinta.

Kamazou tana kudancin kogin Kaduna, cikin Ƙaramar Hukumar Chikun mai hedikwata a Kujama. Ƙasar Gbagyi ce tun asali, birni ne ya faɗaɗa ya iske ta. Matatar man Kaduna da aka buɗe a 1980 ba ta da nisa da ita, haka ma Sabon Tasha da Narayi. Hanyar da aka sa wa sunan marigayi Gwamna Patrick Yakowa, wanda ya rasu a 2012, ta ƙara jawo gine-gine da shaguna zuwa wannan yanki. Mazauna unguwar sun fito daga ƙabilu da yawa, akasari ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai, kuma Hausa na daga cikin harsunan da ke haɗa su a wurin ciniki. Mutane ne masu sa wando da riga 'yar ciki zuwa aiki da coci da biki, don haka bel kayan yau da gobe ne a gare su, ba kamar inda wando mai mazugi ya fi yawa ba.

Shagon baduku a irin wannan wuri bai cika girma ba. Ɗaki ɗaya ne ko rumfar kwano, da benci, da keken ɗinki, da injin goge tafin takalmi wanda ke jiran wuta, da warin gam da ya kama ko'ina. Da safe gyara ne ya fi yawa: takalmin ɗan makaranta da ya buɗe baki, jakar hannu da maratayinta ya tsinke, bel da mai shi ya rame yana so a ƙara masa huda. Yaran shago su ne masu shafa gam da yanke zare da zuwa aike, suna kiran mai shagon Oga, shi kuma ya kira kowa da sunansa. Sai rana ta yi sanyi, ciniki ya lafa, ake samun sararin aikin da ba na sauri ba. A lokacin ne mai koyon sha'awa ke zuwa ya zauna a gefen benci. Tambayar farko da akan yi masa ba ta wuce, “Wace fata ka samo?”

Tambayar tana da dalili, don samun ƙirgin da ya dace shi ne rabin wahalar aikin. Bahaushe ya bambanta fata da ƙirgi: fata ta akuya ce ko tunkiya, ƙirgi kuwa na sa ne. Bel mai zane yana bukatar ƙirgi mai kaurin milimita 3 zuwa 4. A Najeriya kuwa yawancin fatun shanu ba sa kaiwa hannun majema, a tukunya suke ƙarewa a matsayin ganda. Ƙirgin da ya tsira daga tukunya sau da yawa yakan zo da tabon ƙaya da cizon kaska da shaidar lalas da makiyaya ke yi wa dabba, ko kuma ƙwarzanen wuƙar mahauci wurin fiɗa. Duk wannan yana fitowa fili da zarar an shafa rini.

Bayan kauri sai irin jimar da aka yi masa, kuma wannan shi ne abin da ya fi komai muhimmanci. Jima iri biyu ce. Ta gargajiya da bagaruwa ake yi: a jiƙa fata a ruwan toka ko farar ƙasa gashi ya saki, a kankare, a tausasa ta, a tsoma ta cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa har ya ratsa ta, a shafa mai, a shanya. Ta zamani kuwa da sinadarin kurom ake yi, hanyar da ta kafu a Amurka bayan 1884, wadda ke gama cikin kwana ɗaya abin da jimar itatuwa ke ɗaukar makonni a kan ƙirgi mai kauri. Fatar kurom tana da laushi, tana jure ruwa, ta kuma dace da takalmi da kujerar mota, amma ba ta riƙe zane. Ko an buga mata ƙarfe, shatin yakan ɗago ya shafe. Ƙirgin da ya sha bagaruwa ko ɓawon itace shi ne ke shan ruwa ya yi taushi, ya karɓi shati, ya bushe da shi har abada. Gane su ba wuya. A ɗiga ruwa a fuskar ƙirgin. Idan ya tsotse wurin ya yi duhu, aka danna farce shatin ya zauna, to na zane ne. Idan kuma aka yanka aka ga cikinsa shuɗi-shuɗi mai ruwan toka, kurom ne. Bel ɗin kasuwa masu araha da ke saɓulewa bayan 'yan watanni galibi ba fata ba ne ma, leda ce aka manna a kan yadi.

Neman ƙirgin da ya sha bagaruwa ne ya sa idon baduku a Kaduna ke kallon Kano. Can majemar gargajiya take a wajen Ƙofar Wambai, can unguwar Dukawa take, da Kasuwar Kurmi wadda ta kafu tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ga kuma manyan masana'antun jima a Sharaɗa da Chalawa da Bompai. Heinrich Barth, Bajamushen da ya shiga Kano a 1851, ya ba da labarin yawan takalma da jemammun fatun da ake fitarwa daga birnin. Fatar jar akuyar Sakkwato da 'yar'uwarta ta Maraɗi ita ce ta riƙa ƙetare Sahara, Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko saboda ta can take isa hannunsu. Kusa da gida kuma, a Samaru ta Zariya, akwai cibiyar NILEST mai bincike da koyar da fasahar fata, wadda tushenta ya koma 1964.

Sai dai tsohon dukancin Hausa a kan fatar akuya ya fi ƙarfi. Adonsa na rini ne da ɗinki da saƙa siraran tsirkiya da ɗora wata fata a kan wata, da kuma tsaga fuskar rinanniyar fata a ɓare ta don farin ƙasa ya bayyana. Da haka aka ƙawata kube da gafaka da tumtum da kayan doki. Abin ɗaurawa a ƙugu ma ba baƙo ba ne, ga guru da ɗamara da dukawa suka daɗe suna rufewa. Bugun ƙarfe a kan ƙirgi har fure ya taso kuwa ya fi shahara ne ta wata hanya: daga Andalus zuwa Meziko, daga nan zuwa masu yin sirdi a yammacin Amurka, inda garin Sheridan na jihar Wyoming ya yi suna da salon furanni masu zagaye. Littattafan Al Stohlman da kayan aikin kamfanin Tandy su suka mayar da shi abin yi a gida. Mai sha'awa a Kamazou yakan fara ganin wannan salo a YouTube, amma hannun da zai gyara masa riƙon wuƙa na baduku ne.

Aikin da kansa yana farawa da awo. Ba a dogara da lambar wando. Tsohon bel ɗin mutum ake aunawa daga inda ya naɗe a jikin kan bel zuwa hudar da ya saba amfani da ita, wannan tsawon shi zai faɗa a huda ta tsakiya. Huda biyar aka saba yi, inci ɗaya tsakanin kowace da 'yar'uwarta. Faɗin inci ɗaya da rabi ya dace da wandon jins, na kwat kuwa yakan ɗan fi siranta. Daga gadon bayan ƙirgin ake yanko tsirin, a bi tsawon ƙashin baya, domin ɓangaren ciki sako-sako ne, yana miƙewa.

Daga nan sai jiƙo, inda yawancin masu koyo ke tuntuɓe. Ana shafa ruwa da soso, a bar shi ya ratsa, a jira har launin fuskar ya kusa komawa yadda yake amma in an taɓa a ji sanyi. Ƙirgin da ya jiƙe sharkaf ba ya riƙe shati mai kaifi, wanda ya bushe kuma wuƙa ba ta tafiya a kansa. Yanayin Kaduna yana da hannu a nan. Da hunturu iska kan shanye ruwan kafin a gama taƙi ɗaya, sai an rufe sauran tsirin da leda ana buɗewa kaɗan-kaɗan. Da damina kuma ƙirgin da aka bari a rufe da laima yakan yi fumfuna. Da yake bugu yana sa tsiri ya miƙe ya karkace, masu lura sukan manna masa tef ko kwali a baya kafin su fara.

Ana zana ado a takarda, a ɗora, a bi da tsinke mara kaifi. Sai a tsaga layukan da wuƙa, zurfin bai wuce sulusi zuwa rabin kaurin ƙirgin ba. Akwai wuƙa ta musamman mai juyawa a ƙarƙashin yatsa don bin lanƙwasa, kuma dole bakinta ya kasance a goge sumul. Bayan tsagi sai a ɗauko ƙarfe mai karkataccen baki a jera shi a gefen layin ana bugawa ana matsawa, gefe ɗaya ya nutse ɗayan ya tsaya. Wani ƙarfen mai ƙurji-ƙurji shi ke danne filin da ke bayan adon. Guduma ta katako ko ta roba ake amfani da ita, ta ƙarfe tana fasa kan kayan aiki. A ƙarƙashi kuma ana son dutse mai santsi da nauyi. Guntun mabul da masu gini suka rage yana wadatarwa, kuma unguwar da ake ta gini ba ta rasa shi. Ƙarafan zane na waje suna da tsada, amma babban ƙusa ko noti da aka gyara wa kai da zarto yana fitar da ɗigo da tauraro da layi, kuma maƙeran Panteka da ke Tudun Wada sun saba ƙera abin da aka kwatanta musu.

Ga mai farawa, ado mai kusurwa ya fi furen Sheridan sauƙi, ya kuma fi zama a kan tsiri siriri. Dagi da saƙar tabarma duk suna karɓar bel da kyau, kuma abin takaici ne a tsallake su a tafi kwaikwayon furen da ba a taɓa gani a ƙasar nan ba. Wahalar ado mai maimaituwa ita ce daidaito: kuskuren rabin milimita a bugu na farko yakan zama giɓi bayyananne kafin a kai ƙarshen tsiri. Shi ya sa ake ja layin jagora, a kuma fara gwaji a kan guntu.

Wajen rini, ilmin dukawa ya riga na kwalba. Ja daga karan dafi yake fitowa, rawaya daga gangamau, baƙi kuwa kuloko ne, wanda ake haɗawa da ƙarfe. Baƙin yana fitowa ne saboda ƙarfe da ruwan bagaruwar da ke jikin fata ba sa haɗuwa ba su yi duhu ba. Wannan dalilin ne kuma ya sa ba a ajiye ƙusa ko almakashi a kan jiƙaƙƙen ƙirgi, don tabon da zai bari ba ya fita. Da yawa sukan bar bel da launinsa na asali, su shafa mai kaɗan, rana da hannu su mayar da shi ruwan zuma a hankali. Man da ya yi yawa yana sa ƙirgi ya saki jiki, zanen ya dushe.

Gamawa ita ce ke nuna gwani. Ana fere kaifin gefe, a jiƙa shi da ruwa ko ruwan ƙaro, a goge da katako mai santsi har ya yi sheƙi, a bi da kakin zuma. Inda za a naɗe a sa kan bel ana rage masa kauri da aska don kada ya yi tudu, a huda doguwar kafa ta harshen ƙarfen, a ɗinke da basilla da zare mai kaki ko a sa maɓallin da zai bari a sauya kan bel nan gaba. Kan tagulla ya fi ƙarfen da aka yi wa rufi, don ba ya tsatsa ya ɓata ƙirgin.

Bel ɗaya mai cikakken zane yakan ci maraice da yawa, kuma kuɗin da mai saye zai yarda ya biya da wuya ya kai lokacin da aka zuba. Wannan ya sa mai shago, wanda haya da abincin yara ke jiransa, bai cika tsayawa a kansa ba sai an ba shi aiki na musamman, kamar bel ɗin ango ko wanda za a rubuta wa suna. Mai sha'awa kuwa yana da abin da Oga ba shi da shi, wato lokaci. Sau da yawa sai su raba aikin a tsakaninsu: mai shago ya yanka tsiri, ya fere, ya ɗinke kai, ɗayan ya tafi da shi gida ya yi zanen, ya dawo da shi a duba kafin a shafa rini.