Keken hawan dutse: Yadda za a rarraba hanyoyin kewayen Kafanchan daga na ɗan koyo zuwa na gwani

Duk wanda ya fita daga Kafanchan ya nufi gabas, zai ga ƙasa tana sauya kama cikin ɗan lokaci. Daga shimfiɗaɗɗun gonaki sai tuddai, daga tuddai sai ga duwatsun Kagoro sun tare gaba, waɗanda ƙololuwarsu ta haura mita 1,200 daga saman teku. A bayansu kuma tsaunukan Jos ne. Irin wannan yanayi, inda fili da tudu da dutse suke kusa da juna, shi ne abin da masu wasan keken hawan dutse ke nema a ko'ina cikin duniya, domin yana ba ɗan koyo da gwani damar tashi daga gari ɗaya, kowa ya bi hanyar da ta dace da ƙarfinsa.

Wasan kansa bai tsufa ba. A shekarun 1970 ne wasu matasa a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka, cikinsu har da Gary Fisher da Joe Breeze, suka riƙa gyara tsofaffin kekuna masu faffaɗar taya suna gangarowa da su daga kan tsaunuka. An gudanar da gasar duniya ta farko a 1990 a garin Durango, sannan wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996. Abin da ya bambanta keken da Raleigh ko Phoenix da aka saba gani a karkarar Arewa shi ne taya mai kauri da haƙora, giya masu yawa don sauƙaƙa hawa, birki mai ƙarfi, da kuma abin da ke shanye jijjiga a ƙafar gaba.

Hanyoyin da ke kewaye da Kafanchan ba don wasa aka fitar da su ba. Ƙafar manomi ce ta tattake su, da ta mata masu ɗauko itace, da mafarauta, da shanu, daga baya kuma 'yan acaɓa suka faɗaɗa wasu. Garin ya bunƙasa ne bayan da layin dogo daga Fatakwal ya ratsa ta nan a 1927, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos, sai ƙauyuka suka riƙa miƙo turbobinsu zuwa tasha da kasuwa. Saboda haka hanya dai akwai ta, har ta yi yawa. Aikin da ya rage shi ne a san wace ce ta wa.

A nan ne tsarin Ƙungiyar Keken Hawan Dutse ta Duniya, IMBA, wadda aka kafa a 1988, yake da amfani. Ƙungiyar na amfani da alamomi masu launi da ake kafawa a bakin hanya. Kore na nufin hanya mai sauƙi, faffaɗa, wadda a matsakaici hawanta bai wuce mita biyar cikin kowace mita ɗari ba. Shuɗi na nufin hanyar ta ƙara tsukewa, hawan na iya kai wa mita goma cikin ɗari, kuma akwai duwatsu da saiwoyin da dole a taka. Baƙi na gwanaye ne: siririyar turba, gangare mai tsanani, da wuraren da kuskure ɗaya zai iya kai mutum asibiti. Ma'aunin bai shafi nisa ba, wahalar ƙasar kawai yake dubawa. Mutum na iya yin kilomita talatin a koriyar hanya lafiya lau, amma mita ɗari biyu na baƙar hanya su kayar da shi.

Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan yankin, hanyoyin jar ƙasa da suka haɗa Kafanchan da ƙauyukan da ke filin kewayenta, da waɗanda ke bin gefen gonaki zuwa wajen Madakiya, su ne ajin farko. Suna da faɗi, hawansu kaɗan ne, kuma ba a yin nisa ba a ci karo da gida ko mai faci ba. Ladan wannan tafiya ita ce magangarar ruwa ta Matsirga, inda ruwan da ya taso daga duwatsun Kagoro ke zubowa daga tsayin kimanin mita 30. Sai dai kusa da magangarar ƙasa na da santsi, musamman idan ruwa ya cika, don haka a nan ana jingine keke ne a ƙarasa da ƙafa.

Aji na biyu shi ne gindin duwatsu, daga Kagoro zuwa wajen Manchok a Ƙaramar Hukumar Kaura. Nan ne ainihin makarantar wannan wasa, kuma nan ne ya fi cancantar a tsaya a duba. Turba takan hau ta sauka sau da yawa cikin tazara kaɗan, ta ratsa rafi, ta bi ta kan falalen dutse, ta sake faɗawa cikin yashi. Mai keke zai koyi sauya giya tun kafin hawa ya kama shi, ba bayan ƙafarsa ta yi nauyi ba. Zai koyi ɗaga jiki daga kan sirdi ya ja nauyinsa baya idan ya fuskanci gangare. Abu mafi muhimmanci kuwa shi ne birki. Ɗan koyo yakan damƙe na gaba da ƙarfi idan ya tsorata, sai keke ya tsaya cak, shi kuma ya wuce ta sama. Ko ya danne na baya kaɗai, taya ta ja ƙasa ta zame. Gwani yana taɓa su biyun a hankali, yana rage gudu kafin kwana, ya sake su a cikinta. Falalen dutse ma na da nasa hali: a bushe yana riƙe taya fiye da kwalta, amma da zarar ya jiƙe ko gansakuka ta hau shi, sai ya koma kamar an zuba masa karkashi.

Hawan dutsen Kagoro kansa na aji na uku ne, kuma gaskiyar magana wasu sassansa sun fi ƙarfin keke. Akwai inda sai dai mutum ya saɓa kekensa a kafaɗa. Masu wannan wasa ba sa ɗaukar hakan abin kunya. Wanda suke yi wa kallon marar hankali shi ne mai gangarowa ba tare da ya fara taka hanyar da ƙafa ya ga abin da ke bayan kowace kwana ba. Hular kwano wajibi ce a kowane aji, amma a nan har gwiwa da gwiwar hannu na bukatar kariya, kuma ba a fita mutum ɗaya.

Lokaci ma na sauya ajin hanya. Kudancin Kaduna na samun ruwan sama fiye da arewacin jihar, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba. Hanyar da take koriya a Janairu na iya komawa baƙa a Agusta, lokacin da rafuka suka cika, laka ta kama taya. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne ƙasa ke bushewa, ciyawa ta kwanta, ido ya riƙa hango nesa, sai dai ƙurar hunturu da tsakuwar da ke mirginawa a ƙarƙashin taya. Hawa a kan jiƙaƙƙiyar hanya kuma ɓarna ne. Taya na barin kwari, ruwa ya bi kwarin, kafin damina ta fita turba ta zama kwazazzabo, alhali manomi ne zai bi ta da buhun citta ko masara a ka. Shi ya sa masu gina irin waɗannan hanyoyi suke da ƙa'ida cewa turba ta riƙa kewaya jikin tudu, kada hawanta ya wuce rabin gangaren tudun da take ratsawa, domin ruwa ya tsallake ta maimakon ya bi ta.

Sauran batutuwa biyu sun fi alama da fenti nauyi. Na farko, ƙasar na da masu ita. Ga mutanen Kagoro dutsen ba wurin shaƙatawa ba ne kawai. Kakanninsu sun zauna a kansa, kuma sunan bikinsu na shekara, Afan, ma'anarsa dutse ne a harshensu. Ba a kafa alama a irin wannan wuri sai da yardar sarki da hakimai da masu gonaki, kuma su ne za su faɗi inda ba a shiga. Na biyu shi ne tsaro. Ƙananan hukumomin Kaura da Zangon Kataf da Jema'a sun sha fama da hare-hare, har da wanda aka kai wa wasu unguwannin Kagoro a Maris na 2022. Babu taswirar da za ta maye gurbin ɗan jagora ɗan gari wanda ya san halin da ake ciki a ranar, da sanar da jami'an tsaro kafin a tashi, da dawowa tun rana na sama.

Ruwanda ta nuna abin da ƙasa mai tuddai da tarihin rikici za ta iya yi da keke. Ta haɗa hanyoyin karkara da ke gaɓar tafkin Kivu ta mai da su hanya guda mai tsawon fiye da kilomita 200, wadda ake kira Congo Nile Trail, inda mutanen ƙauyuka ke samun kuɗi ta jagoranci da masauki da abinci. Ɗan ƙasar, Adrien Niyonshuti, ya fafata a tseren keken hawan dutse a Olamfik ta Landan a 2012, sannan birnin Kigali ya karɓi gasar tseren keke kan titi ta duniya a Satumban 2025, karon farko a Afirka. Najeriya kuwa sai a 2024 ta fara tura 'yar tseren keke zuwa Olamfik, wato Ese Ukpeseraye, wadda ta shiga wani ɓangare na gasar Faris da keken da ta aro daga tawagar Jamus.

A Kafanchan matakin farko bai wuce ƙarfin ƙaramar hukuma ko ƙungiyar matasa ba: a zagaya hanyoyin da wayar hannu a auna nisansu da hawansu, a zauna da masu ƙasa, a shafa wa duwatsun bakin hanya kore ko shuɗi ko baƙi. Ɗaliban reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke garin da na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya za su iya wannan awo, kekunan gwanjo masu giya kuma sun isa ajin farko da na biyu. Baƙi ma ba sai an nemo su ba, domin kowace ranar 1 ga Janairu jama'a na cika Kagoro don bikin Afan, a daidai lokacin da hanyoyin suka fi bushewa.